Duka a cikin gida a Saudiyya: matakan da wadda aka zalunta da wanda ake tuhuma za su bi

Wata maƙwabciyata a Jidda ta taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan sallar isha'i, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ce, "Yaya, don Allah ki taimaka mini da ƙanƙara." Leɓenta ya kumbura, akwai shatin yatsu huɗu a damtsenta. Na roƙe ta mu tafi asibiti a daren, ta ce a bari sai kawunta ya zo daga Makka ya yi wa maigidan magana. Kawu bai samu zuwa ba sai bayan kwana tara, kuma a ranar da ta yarda ta ga likita babu abin da ya rage a jikinta da za a rubuta. Tun daga lokacin nake gaya wa duk wadda ta zo mini da irin wannan kuka cewa a gaban hukumar ƙasar nan takarda ce ke magana, kuma a ranar farko ake samun takardar.

Dokar da ta shafi lamarin ita ce Nizamul Himaya minal Iza, wato dokar kariya daga cutarwa, wadda majalisar ministoci ta amince da ita a 2013. Abin da ta kira cutarwa ya wuce duka kaɗai, domin ya haɗa da muzgunawa ta jiki, da ta zuciya, da ta jima'i, da ci da gumin wani, da barazanar aikata ɗaya daga cikinsu, matuƙar mai yin yana da iko a kan wanda ya yi wa, ko akwai dangantakar iyali, ko riƙo, ko kafala (ɗaukar nauyin zaman baƙo da aikinsa) a tsakaninsu. Hana mutum abin da ya wajaba a ba shi na ci da sha da sutura shi ma yana ciki. Saboda haka dokar ta rufe matar aure, da yaro, da tsohuwar da ɗanta ya wulaƙanta, da 'yar aikin da ke ƙarƙashin kafili, da namijin da ake cutarwa a gidansa, ko da yake kunya takan hana maza faɗi.

Idan ana cikin dukan ne, ko kina tsoron a kashe ki, fita daga gidan da yaranki idan da hali, ki kira 911 in kina yankin Makka, wanda Jidda da Ɗa'ifa ke cikinsa, ko Madina ko Riyad ko yankin Gabas. Lambar shurɗa, wato 'yan sanda, ta 999 ita ce ta sauran wurare, 997 kuma ta motar asibiti ce. Idan hatsarin ya lafa, lambar da aka keɓe wa ƙorafin cin zarafi a cikin iyali ita ce 1919, ta ma'aikatar kula da ma'aikata da ci gaban al'umma, tana aiki dare da rana. Akwai kuma 116111 domin abin da ya shafi yara. Wadda Larabcinta bai nuna ba ta nemi wata amintacciya ta zauna kusa da ita lokacin kiran, ta riƙe lambar balagin, wato rahoton da ta kai, da za a ba ta, don da ita za a riƙa bin sawun maganar.

Daga nan sai asibiti, kuma a nan nake so a tsaya sosai. Ki je a ranar, kada ki jira kumburi ya saɓe, ki gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru da wanda ya yi miki. Mata da yawa sukan ce zamewa suka yi a banɗaki don su rufa wa miji asiri, likita ya rubuta hakan, sai daga baya wannan rubutun ya zama hujja a kansu. Rahoton likita, wanda ake cewa taƙrir ɗibbi, yana bayyana irin raunin da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya warke, kuma shi mai bincike yake fara dubawa. Ki ɗauki hoton raunin da wayarki, ki adana saƙonnin barazana na WhatsApp, ki tura kwafinsu ga wadda kika yarda da ita, domin waya takan ɓace ko a fasa ta a irin wannan rikici. Ki kuma ajiye hoton fasfo, da iƙama (katin izinin zama), da takardar aure, da takardun haihuwar yara a wani wuri da ba gidan ba.

Kada ki sa hoton mutumin ko labarinsa a Facebook ko TikTok, komai zafin da kike ji. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 a kan ɓata suna ta waɗannan hanyoyi, kuma abin baƙin ciki ne mace ta shiga ofis tana mai ƙara ta fito ana tuhumarta.

Bayan balagi, ma'aikatan sashen kariya za su tuntuɓe ki su auna girman hatsarin. Suna iya kiran ɓangarorin biyu, su karɓi alkawari a rubuce daga mai cutarwar, su tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa in da buƙata, ko su ba ki mafaka ke da yara. Idan abin ya kai laifi, sai a miƙa shi ga shurɗa, daga nan zuwa Niyaba, wato ofishin mai gabatar da ƙara, sannan kotu. Hukuncin asali shi ne ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara ɗaya da tarar riyal 5,000 zuwa 50,000, ko ɗaya daga cikinsu. Gyaran da aka yi wa dokar a 2022 ya ɗaga shi zuwa ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar da tarar riyal 50,000 zuwa 300,000 idan wanda aka cutar naƙasasshe ne, ko mahaifi ko mahaifiya, ko wanda ya haura shekara 60, ko mai ciki idan cikin ya zube, ko kuma an yi amfani da makami. Maƙwabcin da ya ji ihu shi ma doka ta ɗora masa kai rahoto, ta hana a bayyana sunansa ba da yardarsa ba.

Tsoron rasa yara ne ke zaunar da mata da yawa a gidan da ake jibgarsu. Dokar zamantakewar iyali ta 2022 ta sa uwa a gaba wajen riƙon yara bayan rabuwa, ta kuma ce barin gidan miji saboda saɓani ba ya zubar da wannan haƙƙi, sai dai idan maslahar yaron ta nuna akasin haka. Mace tana iya neman kotu ta raba auren saboda cutarwa, ta shigar da ƙarar ta manhajar Najiz ta ma'aikatar shari'a. Ita kuwa 'yar uwarmu da takardun zamanta ba su cika ba, dokar kariya daga cutarwa mutum kawai ta ambata, ba ta ce ɗan ƙasa kaɗai ba, amma maganar iƙama tana da nata hukuncin daban, don haka ina ba ta shawara ta haɗa da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarta da ke Jidda, na Najeriya ko na Nijar.

Wanda ake tuhuma kuma, ko ya aikata ko bai aikata ba, farkon abin da zai yi shi ne ya amsa kira a ranar da aka sa masa. Ɓuya ko kashe waya ba ya kashe magana, nauyi yake ƙara mata. Malam, kada ka kira matar kana zagi, kada ka aika 'yan uwanka su tsorata ta don ta janye, domin barazana ita kanta cutarwa ce a wannan doka, kuma saƙonka zai iya zama shafi na biyu a fayil ɗinka. Kana da haƙƙin a gaya maka dalilin kama ka, ka sanar da wanda kake so, ka kuma ɗauki lauya tun daga matakin bincike. Idan ba ka jin Larabci sosai, ka nemi tafinta, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta maka ka fahimta ba, domin abin da aka rubuta a ranar farko yana bin mutum har gaban alƙali.

Idan ƙarya aka yi maka, ka tara abin da zai wanke ka cikin natsuwa: shaidar cewa kana wurin aiki a wannan sa'a, saƙonnin da ke tsakaninku, da mutanen da suka gani da idonsu, ba waɗanda za su zo su yabi halinka ba. Kotunan ƙasar nan suna hukunta mai ƙarar sharri idan ta tabbata da gangan ya yi, kuma kana iya neman haƙƙinka bayan an wanke ka. Idan kuwa ka san hannunka ya kai jikinta, ka gaya wa lauyanka gaskiya, ka cika alkawarin da aka rubuta maka, domin maimaita laifin yana ninka hukunci. Wanda aka yanke wa hukunci yana da kwana 30 na ɗaukaka ƙara.

Dattawan unguwa za su shigo da maganar sulhu, kuma ni ban raina sulhu ba idan an yi shi bayan an tabbatar da lafiyar matar, ba tare da an matsa mata ba. Sai dai kowa ya sani cewa shari'a a nan ta kasu biyu: haƙƙul khas, wanda yake na wadda aka cutar, da haƙƙul am, wanda yake na hukuma. Mace tana iya yafe nata a rubuce, amma yafewarta ba ta tilasta wa Niyaba ta rufe nata ɓangaren. Kafin ki sa hannu a takardar tanazul, wato ta yafe haƙƙinki, ki sa a karanta miki ita kalma bayan kalma, ki tambayi abin da kike sarayarwa, ki karɓi kwafinki ki ajiye tare da rahoton likita.