Daga ƙauye zuwa jami'a: yadda ake sama wa yaro gurbi da kuɗin karatu

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, yaran da ke gama sikandare su zauna a gida ba duka ne suka faɗi jarrabawa ba. Da yawansu takarda ce ta kayar da su: suna ya saɓa, layin waya ya ɓata, an zaɓi kos ɗin da bai dace da darussan da aka rubuta ba, ko kuma an ba yaro gurbi yana gona bai sani ba har lokaci ya wuce. Neman gurbi da neman tallafi aiki ɗaya ne, wato a haɗa yaro da makarantar da ta dace da makinsa, sannan a haɗa shi da mai biyan kuɗin da ya dace da halin gidansu. Ga yadda ake bi, tun daga tushe.

A fara da suna, tun yaro yana aji biyu na babbar sikandare. A ɗauko takardar NIN, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da sunan da makaranta za ta tura wa WAEC ko NECO ko NBAIS, a shimfiɗa su a kan tabarma ɗaya a karanta harafi bayan harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, a wajen kwamfuta mutum biyu ne. Haka Abubakar da Garba, ko yaron da a firamare aka sa masa sunan garinsu a ƙarshe amma a NIN aka sa sunan kakansa. Ranar haihuwa ma haka. Tun 2021 JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, take ɗauko suna da ranar haihuwa kai tsaye. Saboda haka in akwai kuskure, ofishin NIMC za a je a gyara, kuma gyaran yakan ɗauki makonni. Wanda ya bari sai ana saura kwana uku a rufe rajista, to shekarar ta wuce shi. Wannan sunan ne zai bi yaron zuwa banki, zuwa wajen masu tallafi, zuwa fasfo, har zuwa hidimar ƙasa.

Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ita ma a karɓo ta da wuri. Hanyarta sananniya ce: mai unguwa, dagaci, hakimi, sannan sakatariya. A yi mata kwafi da yawa, a adana ta asalin a leda, nesa da ɗanshi da gara.

Sai layin waya. Wannan ƙaramin abu shi ya fi komai jawo kuka. Da layin ake tura kalmar NIN, a bar fili, a rubuta lambobi goma sha ɗayan nan, a aika zuwa 55019 ko 66019, sai lambar da za a je a yi rajista da ita ta dawo. Daga ranar, JAMB ta ɗaure yaron da wannan layin. Ta nan ake duba sakamako, ta nan saƙon gurbi ke shigowa. Kada a ari layin mai shago ko na wani yaya da zai tafi cirani Legas. A sami layin da ba a taɓa yin JAMB da shi ba, a riƙa sa masa kati ana kira da shi lokaci-lokaci don kada kamfani ya rufe shi. Imel ma yaron ya buɗe nasa, ya rubuta adireshin da lambar sirrinsa a littafi. Sau da yawa mai kafe ne ke ƙirƙira su cikin gaggawa, yaro ya fita bai san me aka sa masa ba.

Rajistar kanta a cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake yi, ba kowane kafe ba. A 2025 kuɗin ya kama naira 7,200, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. A ƙara kuɗin mota zuwa Dutse ko Haɗejia ko Wudil ko Bici, zuwa biyu ko uku. Tunda an saba buɗe rajistar a farkon shekara, lokacin ware kuɗin shi ne kaka, sa'ad da aka kai riɗi ko zoɓo ko shinkafa kasuwa. Shawararmu, duk yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba a biya masa ta gwajin. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Ingilishi, 40 a kowane ɗayan sauran darussa uku, jimlar maki 400. Yaron da ya ɓata minti ashirin yana neman inda zai danna ya riga ya zubar da makin da ya sani.

Zaɓen kos da makaranta shi ne wajen da ya kamata a zauna a yi dogon tunani, da malamin da ya san yaron. Kowane kos da darussansa. Likitanci: Ingilishi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Injiniya: Ingilishi, Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Lauya sai da Adabin Ingilishi, kuma makarantunmu na karkara da yawa ba su da mai koyar da shi, don haka a bincika tun kafin a ɗora wa yaro buri. Wanda ya ci 280 da darussan da ba su dace da kos ɗinsa ba, na'ura za ta tsallake shi ta ɗauki mai 200. Ana kuma buƙatar kiredit biyar a sakamakon sikandare, har da Ingilishi, da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu. Jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu a likitanci.

Akwai abin da iyaye da yawa ba su sani ba, alhali yana cikin amfaninmu. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Kano da Jigawa duk suna cikin jerin na ƙarshe. Ke nan ɗan Ringim ko ɗan Rano da ya zaɓi Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse yana da ƙofa uku, ba ɗaya ba. Ga kuma na jiha, irin su Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, inda ɗan jiha ke samun sauƙin kuɗi.

Amma a yi gaskiya da maki. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar shi ne 150 ga jami'a, 100 ga kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilimi. Wannan bakin ƙofa ne kawai. Kowace jami'a tana da nata layin, kowane sashe ma da nasa, kuma na likitanci da lauya da aikin jinya yana can sama. In sakamako ya fito 185 kuma yaro ya sa likitanci, kada a tsaya jiran sa'a. A je cibiya a sauya kos tun jami'ar ba ta rufe tantancewarta ba. Noma, koyarwa, kimiyyar zalla, duk gurabe ne da ake samu. In makin bai kai na jami'a ba, Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko ta Bici, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta ba koma-baya ba ne. Mai difloma ko NCE mai kyau yakan shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Duk wani gurbi na gaskiya ta CAPS yake fitowa, wato shafin JAMB da aka fara aiki da shi a 2017. Abu biyu ake mantawa a nan. Na farko, sai an je cibiya an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin, musamman ga wanda ya yi rajista sakamakonsa bai fito ba. In ba a ɗora ba, jami'a ba za ta iya tura sunansa ba ko da ta so. Na biyu, in an ba shi gurbi sai ya shiga da kansa ya danna amincewa, ya buga takardar. Akwai kuma wani sashe mai suna Marketplace, wato kasuwa, inda makarantar da yaro bai zaɓa ba kan ga makinsa ta yi masa tayi. Daga watan da aka fara ba da gurabe, a sa rana ɗaya a mako, ko da ranar kasuwa ce, a je inda sabis yake da ƙarfi a duba. Duk wanda ya ce zai ba da gurbi ta bayan fage, ba ta CAPS ba, a guje shi: sunan da ba ya cikin rajistar JAMB ba ya zuwa hidimar ƙasa, ko da an yi shekara huɗu ana karatu.

To, gurbi ya samu. Kuɗi fa?

Gaskiyar da ya kamata a sani ita ce, yawancin tallafin cikin gida sai an shiga makaranta ake nemansa, domin lambar ɗalibi suke tambaya. Don haka kuɗin karɓar gurbi, da na mota, da katifa, da abincin watan farko, daga gida za su fito. A yi wannan lissafin da dangi tun da wuri. In yarinya ce, a fara neman ɗakin kwana na cikin makaranta ranar da aka buɗe, domin shi ne ke kwantar da hankalin iyaye kuma shi ne ke saurin ƙarewa.

Ƙofa mafi faɗi yanzu ita ce NELFUND, asusun lamunin ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati. A fahimce shi da kyau: bashi ne, ba kyauta ba, amma babu kuɗin ruwa a kansa. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye zuwa asusun makarantar, sannan ga naira 20,000 a wata na ɗawainiya ga wanda ya nema. Ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi goma cikin ɗari na albashi. Abin da ake buƙata: lambar JAMB, lambar ɗalibi, NIN, BVN, da asusun banki mai sunan ɗalibin kansa, ba na babansa ba. In shafin ya ce bai san ɗalibin ba, galibi makarantar ce ba ta riga ta tura bayanansa ba, sai a je sashen harkokin ɗalibai a yi magana. Wanda ya riga ya biya da kuɗinsa kafin na asusun ya iso, ya riƙe rasidinsa ya nemi makarantar ta mayar masa.

Kano da Jigawa kowacce tana da hukumar bayar da tallafin karatu ga 'yan asalin jiha. A nan ne takardar ƙaramar hukuma ke aiki, tare da takardar gurbi da rasidin shekarar. Sanarwa kan zo ta rediyo da ta ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma, don haka yaro ya shiga ƙungiyar tun makon farko. Kuɗin yana rage nauyi, amma ba a gina lissafin shekara a kansa, domin lokacin fitowarsa ba a hannun ɗalibi yake ba.

Masu tsoka su ne na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, da PTDF ga masu fannonin da suka shafi mai da iskar gas, da Gidauniyar MTN, da kamfanonin mai. Dukkansu makin da ɗalibi ya samu a jami'a suke kallo. A ma'aunin biyar, 70 zuwa sama A ce mai maki biyar, 60 zuwa 69 B ce mai huɗu, 50 zuwa 59 C ce mai uku. Da yawansu suna neman CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi a duk darussan da ya yi, daga 3.5 zuwa sama, sannan a yi jarrabawar tantancewa a kwamfuta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaron da ya yi sake a zangon farko ya tashi da 2.4, zai sha wuya kafin ya hau 3.5 a lokacin da ake buɗe waɗannan ƙofofin. A gaya masa wannan tun kafin ya hau motar tafiya.

Game da na ƙasashen waje, akwai wanda ke yawo a wayoyin yara mai suna QuestBridge. Tsarinsa mai kyau ne: ɗalibi daga gida mai ƙaramin ƙarfi ya cika fom ɗaya, ya jera jami'o'in Amurka da yake so bisa fifiko, in ɗaya ta zaɓe shi an haɗa su ke nan, da tallafin shekara huɗu. Sai dai an yi shi ne don masu karatun sikandare a cikin Amurka da 'yan ƙasar. Wanda ya gama a Ɓaɓura ko Kura ba ya cikinsa, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi don ya cika masa, cutarsa ya yi. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Gidauniyar Mastercard, da aka fara a 2012 don 'yan Afirka masu ƙoƙari marasa ƙarfi. Ba gidauniyar ake rubuta wa ba, jami'ar da ke cikin shirin ake nema kai tsaye, kamar Ashesi da KNUST a Gana ko Makerere a Yuganda, kowacce da ranar rufewarta.

A irin wannan neman, rubutun da ɗalibi zai yi game da kansa yana da nauyi ƙwarai. Kada ya kwafo na intanet, masu dubawa sun ga irinsa ɗari. Ya faɗi abin da yake: buhu nawa gidansu ke nomawa, mutum nawa ke ci daga ciki, tafiyar kilomita nawa yake yi zuwa makaranta, yara nawa yake koya wa karatu da yamma. Wasiƙar shaida kuma a nemi malamin da ya koyar da shi, a ba shi mako biyu aƙalla, kada a je masa daren rufewa.

Tallafin gaskiya ba ya neman a tura kuɗi asusun wani mutum, ba ya tambayar lambar katin banki, ba ya cewa a karanto lambar da ta shigo waya. Kafin a cika kowane fom, a duba ko sanarwar tana shafin hukumar ko na makarantar, ko a tambayi sashen harkokin ɗalibai. Takardun nan duka, da hoton fasfo mai farin baya, a ɗauke su da kyau a tura wa kai a imel, domin ko waya ta faɗa ruwa ana iya buɗe su a wata. A bangon littafin da aka rubuta lambobin sirri, a ja layi uku: sunan tallafi, ranar buɗewa, ranar rufewa. A riƙa turawa ana saura mako guda, domin a ranar ƙarshe shafukan kan cushe, kuma sabis ɗin ƙauye ba ya ɗaukar takarda mai nauyi a irin wannan cunkoso.