Yadda Ake Shirya wa Ganawar Neman Aikin Tuƙin Jirgi a Ƙananan Kamfanonin Sufurin Sama

Matashin da ya taso a Bauchi yana kallon jirage suna sauka a filin jirgin saman Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko ɗan Gombe da ya saba da filin Lawanti, idan Allah ya nufe shi da zama matuƙi, da wuya ya fara da babban jirgin da ke kwasar alhazai zuwa Jidda. Akasari ana farawa ne a kamfanonin da ke cin gajeren zango tsakanin jihohi, da jirage irin Embraer 145 mai kujeru 50, ko ATR 72 mai farfela biyu. Ƙanƙantar jirgin ba ta sa a sassauta tantancewa, domin a irin wannan aiki matuƙi kan tashi ya sauka sau da yawa a yini guda.

Da farko ka haɗa takardunka tun kafin a buga tallar aikin. Kana buƙatar lasisin tuƙi na kasuwanci, wanda a ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ake ba wanda ya kai shekara 18 kuma ya yi awa 200 a sama, ko 150 idan a kwas ɗin da aka amince da shi ya yi su. A kan lasisin sai an ga izinin tuƙi da na'urori kaɗai da na tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya, sannan ga takardar lafiya ajin farko, da shaidar Turanci a mataki na 4 daga cikin shida. Wanda ya yi karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, lasisinsa na NCAA ne, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Wanda ya yo nasa a Afirka ta Kudu ko Amurka kuwa, sai ya mayar da shi na Najeriya, kuma ya fi kyau ya gama wannan tun da wuri.

Daga nan sai littafin da kake rubuta awannin tashinka, wanda masu tantancewa suke bi shafi-shafi. Ka sake lissafin jimilla da kanka, ka tabbatar malamanka sun sa hannu inda ya kamata, kuma kada ka ƙara ko da rabin awa. Idan ka taɓa faɗuwa gwajin tuƙi, ka faɗa da bakinka kafin a tambaye ka, ka bayyana kuskuren da yadda ka gyara shi. Akwai dalilin da ya sa ake tsananta wannan. A watan Fabrairun 2009 jirgin wani ƙaramin kamfani, Colgan Air, ya faɗi kusa da birnin Buffalo a Amurka, mutum 50 suka rasu, bincike kuma ya nuna kyaftin ɗin ya sha faɗuwa gwaji ba tare da kamfanin ya san duka ba. Bayan haka ne, daga 2013, Amurka ta wajabta wa mataimakin matuƙi ma awa 1,500, in ban da wasu da aka rage wa, kamar tsofaffin matuƙan soja. A ƙa'idar ICAO wannan adadi sharaɗin lasisin kyaftin ne, don haka ka duba abin da kamfanin da kake nema ya gindaya, kada ka ɗauki na Amurka ka tsorata kanka.

Jarrabawar ilmi takan shafi yanayi, lissafin mai, dokokin sararin sama da yadda inji yake aiki. A nan ɗan Arewa yana da abin da zai ci moriyarsa, wato sanin hazo. Idan aka ce maka kana dosar Gombe a watan Janairu, hazo ya rage nisan gani ƙasa da abin da taswirar sauka ta yarda, ana so a ji ka ambaci filin da aka tanada a madadi, da man da zai kai ka can har da ragowar da doka ta tilasta, da lokacin da za ka daina kewaye ka juya. Amsar da ta nuna za ka gwada sa'a ita ce ke kayar da mutum.

Gwajin na'urar kwaikwayon tuƙi yakan razana mutane fiye da kima. Sau da yawa jirgin da aka sa ka ciki ba ka taɓa tuƙa irinsa ba, kuma mai gwajin ya san haka. Abin da yake lura da shi shi ne ko kana bin umarni, ko kana ƙara kyau daga yunƙuri zuwa yunƙuri, da kuma ko za ka fasa sauka ka sake tashi idan gangarowar ba ta daidaita ba.

Zama gaban kwamiti shi ne inda tarbiyyarmu take iya zame mana cikas. An raine mu a kan sunkuyar da kai gaban babba, da cewa "to, ranka ya daɗe" ko da zuciya ba ta gamsu ba, kuma wannan ɗabi'a ce mai kyau a zaure. Amma za a tambaye ka abin da za ka yi idan kyaftin sa'an mahaifinka ya ci gaba da gangarowa bayan ya wuce iyakar da aka halatta, titin jirgi kuma bai bayyana ba. Ana so ka ce za ka faɗa masa a sarari, ka maimaita da ƙarfi idan bai amsa ba, sannan ka karɓi tuƙin kamar yadda littafin kamfani ya tsara idan har ya yi shiru. A 1977, a tsibirin Tenerife na Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747 sun yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, alhali injiniyan jirgin da ke shirin tashi ya nuna shakka, kyaftin ya ƙi tsayawa. Irin wannan hatsari ne ya sa kamfanoni suka mayar da haɗin kan ma'aikatan jirgi darasi na dole. A ganina, wanda ya san yana da nauyin baki gara ya sami aboki su riƙa gwada tambayoyin nan da Turanci, yana kallon idon mai tambaya, har abin ya zauna masa.

Idan an ba ka aikin, ka karanta yarjejeniyar da natsuwa kafin ka sa hannu, musamman batun horon da ake yi a kan nau'in jirgin, wanda kuɗinsa ke da yawa kuma galibi a ƙasar waje ake zuwa yin sa. Wani kamfanin yakan biya, ya ɗaure ka da wasu shekaru na aiki. Wani kuma kai zai ce ka biya. Ka tambayi nawa za ka mayar idan ka tafi kafin wa'adi, da ko adadin yana raguwa duk shekara, da albashin da za ka riƙa karɓa a watannin da kake tashi tare da kyaftin mai horarwa kafin a tabbatar da kai, kuma ka kai wa lauya takardar ya duba.