Yadda Ake Amfani da Na'urar Motsa Tsoka don Rage Ɗaurewar Sharaɓa

Wanda ya yi ɗawafi da sa'ayi, ko ya yini a tsaye a shago cikin zafin Makka ko Jidda, ya san yadda sharaɓa ke ɗaurewa da tsakar dare. 'Yar na'urar nan mai batir da ake samu a saidaliyya, wato kantin magani, tana iya rage yawan abin, amma ba a lokacin da naman ya ɗaure ake manna ta ba. A lokacin, miƙe ƙafar, jawo yatsun zuwa ƙauri har ya saki. Na'urar ta bayan an huta ce.

Wanke wurin ka tsane shi. Gumi, ƙura da man shafawa suna hana fatun na'urar, wato abubuwan da ake mannawa a jiki don wutar lantarki ta bi ta cikinsu, kamawa, kuma idan gefe ɗaya ya ɗago, wutar takan taru wuri guda ta yi zugi, har ta ƙona fata. Manna fata ɗaya a saman tudun sharaɓa, yatsu uku ƙasa da bayan gwiwa, ɗayar a inda naman ya fara sirancewa. Kada su taɓa juna.

Zauna da ƙafa a miƙe, tafin ya tokari bango. Wannan ne mutane suka fi sakaci da shi: in yatsu suka nuna ƙasa, tsokar ta riga ta gajarce, wutar da kanta sai ta jawo ɗaurewar. A jikin na'urar, zaɓi tsarin EMS, wato na motsa tsoka da wutar lantarki, bugu 30 zuwa 50 a daƙiƙa, kamu na daƙiƙa 5, hutu na 10. Fara daga mafi ƙanƙanta, ka riƙa ƙarawa har ka ga naman yana motsi ba tare da zafi ba. Minti 15 ya isa, sau uku a mako. Kashe ta kafin ka ɓare fatun.

Ruwa da gishirin da gumi ya kwashe kuwa, na'ura ba ta mayar da su. A sha ruwa sosai.

Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, mai juna biyu da mai farfaɗiya su bar ta. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji ya fara tambayar likita. Ba a sa ta a wuya, ƙirji ko kan rauni. Idan kuma sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi da ciwo bayan doguwar tafiya a jirgi, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Kada a kunna na'urar, kada a matsa wurin, a tafi asibiti nan take.