Kurakuran Sa Baƙi a Zanen da Ba Ya Kwaikwayon Siffa

Duk sabon mai zane a Maradi, da ya ga launi ya yi masa haske sai ya ɗiga masa baƙi. Nan ne ɓarna ke farawa. Zuba baƙi cikin rawaya, kore mai dauɗa za ka samu. Zuba shi cikin ja, sai ya koma kamar tsohuwar laka. In ja kake son ya yi duhu, sa masa kore kaɗan. Rawaya kuma, sa mata ruwan ƙasa. Ni ko baƙin ma haɗa shi nake yi: shuɗin altiramarin, wato irin launin bula, kashi 2, da ƙonannen ruwan ƙasa kashi 1. Ƙara shuɗi ya yi sanyi, ƙara ruwan ƙasa ya yi ɗumi.

Amma babban laifin shi ne shimfiɗa baƙi mai kauri a ƙasa da fentin mai, a hau kansa washegari. Haba ɗan'uwa, gaggawar me kake yi? Baƙin kunkunniya da baƙin ƙonannen ƙashi suna shan mai sosai, kuma suna jinkirin bushewa. Zafin bazara zai busar da fatar sama, ka taɓa da yatsa ka ce ya yi, alhali cikinsa ɗanye ne. Launin da ka ɗora zai riga shi bushewa, na ƙasa na ci gaba da motsi, bayan 'yan watanni zanen ya tsattsage kamar tabkin da ya ƙafe. Baƙin murabba'in da shahararren mai zane Malevich ya zana a 1915, wanda ke Mosko, a kan wani zane ya yi shi, kuma yau duk ya dare, launukan ƙasa na leƙowa. In dole sai baƙi a ƙasa, ɗauki baƙin Mars, na tsatsar ƙarfe, ka tsinka shi da tina, wato ruwan tsinka fenti, ka shafa siriri, ka ba shi mako guda. Kowane shafi na sama ya fi na ƙasa mai.

Wasu kuma su shafe rabin yadi da baƙi sumul, sai ya zama rami kawai. Pierre Soulages, Bafaranshen da ya rasu a 2022, tun 1979 ya koma kusan baƙi zalla, amma da wuƙa da buroshi mai tauri yake karce shi, wani gefen na sheƙi, wani a dushe, haske ya yi sauran aikin.

Da hunturu, juya fuskar zanen ga bango. Ƙura ta fi fitowa a kan baƙi. Kwanon wanke buroshin baƙi daban. Tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, tana da kyau a takarda, amma ruwa na taɓa ta za ta narke, don haka kada ka bi ta da fentin akirilik, wanda ake damawa da ruwa, yana ruwa-ruwa.