Darasi na Bakwai: Agogon da Ke Cikin Jikin Mutum

Akwai mutanen da kan farka kafin ladan ya kira sallar asuba, kullum a kusan lokaci guda, ba tare da kowa ya tashe su ba. Dalili shi ne a cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan gurbi mai ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 wanda aikinsa shi ne lissafin dare da rana. Idan duhu ya shiga, yakan sa a saki sinadarin melatonin mai kawo barci. Idan asuba ta gabato kuwa, sai zafin jiki ya fara hawa, sinadarin kotisol mai sa jiki ya wartsake ya ƙaru, jiki ya shirya tashi tun mai barci bai buɗe ido ba.

Wannan agogo ba ya tsayawa ko da babu rana. A shekarar 1962 wani Bafaranshe mai suna Michel Siffre ya yi wata biyu cikin kogo a ƙarƙashin ƙasa, babu agogo babu hasken rana, amma ya ci gaba da barci da farkawa bisa tsari, sai dai kowace ranarsa takan ɗan zarce awa 24. Haka agogon yawancin mutane yake, yana ɗan jinkiri, shi ya sa yake bukatar a saita shi kowace safiya, kuma hasken rana ne ke saita shi. Wanda ya fita waje da hantsi ya fi wanda ya wuni a ɗaki mai duhu samun barci da wuri.

Niyya ma tana da tasiri. A wani bincike da aka wallafa a 1999 daga birnin Lubek na Jamus, an gano cewa mutanen da aka gaya wa za a tashe su ƙarfe shida, jikinsu yakan fara sakin sinadarin farkawa kimanin awa guda kafin lokacin.

Babban abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne tsayar da lokacin tashi, har a ranakun hutu, domin jiki ba ya sabawa da abin da ke sauyawa kullum. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9, saboda haka mai son tashi ƙarfe biyar ya kwanta kafin ƙarfe goma. A nan ne da yawa ke faɗuwa, domin hirar dandali da latsa waya sun fi gado daɗi. Goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci, wanda kan yi awoyi da dama a jini, don haka a rage su bayan la'asar. Ƙailula tana da amfani idan ba ta wuce rabin awa ba.

Wanda lokacin barcinsa ya rikice, kamar bayan azumi ko bayan aikin gadin dare, kada ya nemi gyara shi a dare ɗaya. Ya riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 zuwa 30 kowace rana har ya kai inda yake so.

Aikin gida: Rubuta lokacin da ka kwanta da lokacin da ka tashi na tsawon mako guda, sannan ka lissafa awoyin barcin kowane dare, ka kawo aji.