Idan kwamfuta ta ƙi tashi bayan an mayar da Windows kan sabon SSD

Salamu alaikum 'yan uwa. Wanda ya kwafe Windows daga tsohon faifai zuwa SSD (sabon nau'in faifan ajiya mai sauri), ya kunna ya ga shuɗin allo da lambar 0xc000000e, don Allah kada ya yi gaggawar goge komai. Yawanci fayilolinka suna nan lafiya, hanyar tashi ce kawai ta ɓace.

Fara cire tsohon faifan gaba ɗaya, domin idan suna tare kwamfuta kan rikice. Sai ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka sa Windows Boot Manager a farkon jerin abubuwan da take tashi da su. Duba kuma yanayin tashi a BIOS ɗin: faifai mai tsarin GPT da yanayin UEFI yake tashi, mai tsarin MBR kuwa sai yanayin Legacy.

Inda aka fi samun matsala shi ne ɗan ƙaramin ɓangaren faifai da ake kira EFI, mai kusan MB 100. Mutane kan kwafe ɓangaren C (inda Windows yake) kaɗai su bar shi, alhali shi ke nuna wa kwamfuta inda Windows yake. Idan ɓangaren EFI ɗin yana kan SSD, tashi da filashin da ake girka Windows da shi, danna Shift da F10, rubuta diskpart, sannan list vol. Zaɓi ɓangaren EFI ɗin, wanda aka rubuta FAT32 a gefensa (select vol da lambarsa), ba shi harafin S (assign letter=S), ka fita da exit, sai ka rubuta:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

A kula, a nan harafin Windows kan canza, wani lokaci D ne maimakon C, ka tabbatar tukuna.

Tsohon faifan kuma ajiye shi mako guda kafin ka goge.