Yadda za ka shafa wa motarka kaki lokacin hunturu ba ka kwarzane fenti ba

Daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu kowa ya san halin da motoci ke ciki a Maradi, ka kai mota lavaj da hantsi kafin la'asar ta koma kamar ba a taɓa zuba mata ruwa ba. Shi ya sa wasu ke cewa shafa kaki a irin wannan lokaci asarar kuɗi ce kawai. Ni dai ban yarda ba, yanzu ne ma fenti ya fi buƙatarsa, don ƙurar nan da iska ke kwasowa tun daga Bodele can arewacin Cadi in ta haɗu da rairayin garinmu kaifi gare ta, ita ce ke barin ƴan siraran layukan nan da kake gani a jikin baƙar mota in rana ta haska ta.

Da farko a raba folish da kaki, don mutane na haɗa su wuri guda. Folish ci yake yi, yana da ɗan gari mai kaifi a ciki da ke kankare saman fenti ya share kwarzane. Shi kuma kaki ba ya cin komai, rufi ne kawai yake yi. Wannan verni mai ƙyalli da ke saman fentin mota kaurinsa wajen mikiron 40 zuwa 50 ne, ko kaurin takardar kaye bai kai ba, to in duk wata sai ka ce a buga mata folish da inji wata rana za ka tarar kapo ya dushe ya fara ɓare, kuma daga nan sai wurin mai fenti. Sau ɗaya a shekara ya isa, in ma ba ka ga kwarzane ba ka bar shi, ka wuce kan kaki kai tsaye.

Sai maganar lokaci, nan ne sanyi ke shigowa. A Disamba da Janairu da asuba sanyi kan sauka wajen digiri 12 zuwa 15, kuma motar da ta kwana a waje ƙarfenta ya fi iskar sanyi. In ka buɗe gwangwanin kaki da ƙarfe 7 na safe za ka same shi ya daskare, ba ya bin soso, ka shafa ya yi dunƙule-dunƙule ya ƙi bushewa, in ka zo gogewa sai ya riƙa jan layi. Da azahar kuma rana ta haura digiri 30, jikin mota ya ɗau zafi, kana shafawa yana ƙamewa nan take sai ka yi ta dirza. Yawancin kamfanoni tsakanin digiri 10 da 30 suke so a yi aikin, a inuwa. Don haka ko dai daga ƙarfe 10 zuwa kusan 12, ko kuma bayan sallar la'asar amma ka gama kafin magariba. Ka ɗora bayan hannunka kan kapo, in ba sanyi ba zafi to bismilla. Gwangwanin in ya yi tauri ka ajiye shi a rana minti kaɗan ko ka tsoma shi cikin ruwan ɗumi da murfinsa a rufe, don Allah kada ka kai shi kusa da gawayi ko gas, abin da ke ciki yana kama wuta.

Ranar da gari ya tashi da hazo da iska ka haƙura kawai. In akwai garaji ko rumfa ka shigar da ita, ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da motar don ƙura ta kwanta. Gindin bedi akwai inuwa amma tsuntsaye da ganye ba za su bar ka ba.

Wanki shi ne rabin aikin. Abin da ya fi kashe fenti a garin nan shi ne goge ƙura da busasshen tsumma kowace safiya, yaro ya ɗauko tsohuwar riga ya bi mota kaf yana ganin gwaninta ya yi. Ka fara kwara ruwa sosai ƙurar ta sauka da kanta kafin soso ya taɓa jiki. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, ka fara daga rufi ka sauko, taya da ƙasan ƙofa a ƙarshe kuma da sosonsu daban. Ka nemi sabulun mota, omo da sabulun wanke kwano suna wanke kakin da ke jiki. Kana gamawa ka tsane ta da tawul ɗin mikrofiba, iskar hunturu na shanye ruwa da sauri ya bar farin tabo. In ka sa hannu cikin leda ka shafa jikin ka ji kaushi-kaushi, akwai dattin da ya manne, ana cire shi da wani abu kamar yumɓu da ake sayarwa don haka, ana jiƙa wurin da ruwan kumfa ana bi a hankali.

Yanzu kakin. Kaɗan ake ɗiba, wallahi kaɗan, yawansa ba ya ƙara ƙyalli sai wahalar gogewa. Kuma kada ka shafe mota gaba ɗaya sannan ka dawo gogewa kamar yadda wasu ƴan lavaj ke yi, kafin ka zagayo ƙura ta sauka a kai, kai da hannunka za ka murza ta cikin fenti. Ƙofa ɗaya, ka jira ya yi fari-fari, ka ja yatsa a kai, in wurin ya fita tas ya yi, in ya yi maiƙo ka ƙara jira, da sanyi yakan ɗan daɗe. Ka goge da tawul mai tsabta kana juya shi, sannan ka koma ta gaba. Tawul ya faɗi ƙasa, ka canza wani. Ka kiyaye baƙar robar bamba da ta gefen gilashi don yana barin fari mai wuyar fita, parabiris kuwa kar ma ya taɓa shi, da dare fitilun motoci za su riƙa watsuwa a idonka. Motar da aka yi wa sabon fenti a jira wata 1 zuwa 3, ka tambayi wanda ya fesa.

Kaki iri biyu za ka fi samu. Akwai na karnuba da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a Brazil, ya fi ƙyalli amma wata 1 zuwa 3 ya tafi, kuma shi ya fi taurin kai da sanyi. Akwai na haɗin kamfani, na ruwa, wanda kan kai wata 4 zuwa 6, su Turtle Wax da Meguiar's duk suna yin iri biyun. Mai bin hanyar Ɗan Isa ko Madarunfa kullum gara ya ɗauki na biyun. In kana son sanin ko ya ƙare ka watsa ruwa a kapo, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa da saura, in ya baje ya kwanta lokaci ya yi.

Masu rufe mota da bash kuma, a rufe ta tana da tsabta kuma a ɗaure shi tam, in an rufe kan ƙura iska na kaɗa shi dare guda ya isa ya kwarzane rufi da kusurwoyin bamba.